Igiyar da Ke Gefen Hoton Yaya

Auta ya isa zauren baje kolin hotuna tun ba a buɗe ƙofa ba, domin shi mutum ne da ya gwammace ya jira da a jira shi. Zauren yana cikin babban ɗakin karatu na birni, kuma shiga kyauta ce. Wata uku ke nan yana zuwa kowace Asabar, bayan ya nemi izini a kantin maganin da yake kula da sitonsa. Wata dattijuwar mai ɗaukar hoto, wadda kowa ke kira Malama, takan tara masu sha'awa a kan bencina biyu ta koya musu sana'ar ba tare da ta karɓi ko sisi ba. Auta yana rubuta duk abin da ta faɗa a ƙaramin littafinsa: ka matsa kusa, ka bi gefuna huɗu da ido kafin ka danna, idan kana son ka ga abin da ke jikin abu, gashi ne ko ƙura ko zare, to ka zagaya har rana ta koma bayansa.

A ranar aka rataye hotunan ɗaliban, cikinsu har da nasa guda ɗaya, hoton yayansa.

Yayan nasa mai wankin gilasan dogayen benaye ne. Daga rufi yake saukowa a kan igiya, da bokiti rataye a ƙugu, shi ya sa abokan aikinsa suke kiransa Ƙadangare. Kwana goma da suka wuce Auta ya daure ya bi shi har saman wani bene mai hawa goma sha huɗu. Da farko bai iya kusantar bakin katanga ba. Ya fi minti ashirin yana tsugune kusa da zoben ƙarfen da ake ɗaure igiya a tsakiyar rufin, ya zuba wa jan tef ɗin da aka naɗe bakin igiyar da shi ido, Yaya kuma yana yi masa dariya. Daga baya ya taka a hankali, yana ƙirgawa kamar yadda ya saba, taku goma sha takwas, ya ɗauki hoton daidai lokacin da Yaya ya tsallaka katanga, hantsi yana bayansa.

A fuskar kyamara hoton bai fi tafin hannu ba. A nan kuwa an buga shi a takarda mai faɗin rabin ƙofa, an maƙale shi a jikin waya da maƙalai biyu. Auta ya tsaya gabansa, ya ga haƙoran Yaya, ya ga kwalkwalinsa, wato hular kwanon aiki, da ya karkace, zuciyarsa ta yi fari. Sai ya bi gefuna huɗu da ido, abin da ya manta bai yi ba a ranar saboda tsoro.

A kusurwar dama ta ƙasa igiyar ta hau kan bakin katangar siminti. Guntun tiyon roba da ake sa mata a wurin don kada siminti ya ci ta ya zame gefe. Inda igiyar ta taɓa simintin, wani farin abu ya tashi tsaye a cikin hasken rana, kamar gashin kan tsoho.

Auta ya matsa kusa. Ya ce wa kansa ƙura ce a gilashin kyamara, ko kuwa injin bugawa ne ya yi aman tawada. Ya je ya kamo hannun rigar Malama, abin da bai taɓa yi ba.

"Lafiya, ɗana? Ka ga an rubuta sunanka ba daidai ba ne?"

"Malama, don Allah ki duba mini nan. Ƙura ce ko?"

Ta ciro gilashin ƙara girma daga jakarta, ta sunkuya. Ta daɗe fiye da yadda yake so.

"Ƙura ba ta bin jikin igiya ta tsaya a wuri ɗaya," ta ce. "Wannan zare ne ya tsittsinke. Wane ne mutumin?"

"Yayana ne."

"Yana ina yanzu?"

"Yana kanta."

Ya buga wayar Yaya sau huɗu, ba a ɗauka ba, kuma ya san dalili: idan za su hau, a cikin akwatin mota suke barin wayoyinsu. Ba shi da lambar mai gidan aikin. Malama ba ta ƙara tambaya ba. Ta cire maƙalan biyu, ta naɗe hoton kamar tabarma, ta danƙa masa.

"Ka tafi da shaidarka. Bango zai jira."

Tasi ta kai shi rabin hanya, cunkoso ya tsayar da ita a kan gada. Ya sauka ya kama gudu, kyamara tana dukan ƙirjinsa, takardar tana lanƙwashewa a hammatarsa. Yana gudu yana tuna abin da Yaya ya taɓa faɗa a gaban mahaifiyarsu, yana alfahari. Igiya biyu suke hawa da ita, ta aiki da ta tsaro, amma ƙugiyar ta tsaron tana yawan cijewa, tana rage musu sauri. Saboda haka da zarar sun sauko hawa na biyar sukan cire ta su ƙarasa da guda ɗaya. "Daga nan ai ƙasa ta zama maƙwabciya," in ji shi. Mama ta jefe shi da mafici a ranar. Auta kuwa bai ci abincin kirki ba sai washegari.

Da ya sha kwanar ƙarshe ya ɗaga kai kafin ya yarda ya numfasa. Mutum uku ne rataye a jikin benen nan mai hawa goma sha huɗu, wanda har yanzu ba su gama wankinsa ba. Na tsakiya, mai kwalkwali a karkace, yana hawa na takwas, yana ta share gilashi yana kaɗa ƙafa.

A ƙasa an kewaye wurin da igiyar gargaɗi. Mai gidan aikin, wani kakkauran mutum mai usur a wuya da rediyon oba-oba a hannu, yana zaune a bayan motarsu yana shan shayi tare da direba.

"Kai, kai, ina za ka? Ba ka ga an tare ba?"

"Maigida, ni ƙanin Ƙadangare ne."

"A'a, mai hoto! Kai ne ka rungume mana zobe rannan kamar amarya ta ga danginta. Yau kuma me ka kawo?"

Auta ya warware takardar a kan murfin mota, ya ɗora yatsa a kusurwar. Ya yi ƙoƙari ya jera maganarsa yadda za a fahimta, amma numfashi ya hana shi.

"Tiyon ya zame... siminti ya ci igiyar. Ga shi nan. A saukar da shi, don girman Allah."

Maigidan ya ajiye kofi, ya kalli wurin, fara'arsa ta ragu. Ya danna oba-oba ya kira mutuminsu da ke tsaron igiyoyi a kan rufi.

"Dogo, kana ji na? Je ka igiyar Ƙadangare a bakin katanga. Zame tiyon ka duba ƙarƙashinsa."

Suka jira, motoci suna ta wucewa. Auta ya ƙirga har talatin da ɗaya.

"Sumul take, Maigida," muryar Dogo ta amsa ta cikin oba-oba. "Kamar yau aka sayo ta."

"Ka murza ta da hannu?"

"Na murza, na shafa, saura in lasa."

Direba ya fashe da dariya. Maigidan ya ɗauki kofinsa, fuskarsa ta koma yadda take.

"Ka ji ko? Samari, hoto daban, aiki daban. Shekara ashirin da biyu ina rataye mutane a sama, ban taɓa kai gawa gidan kowa ba. Kai kuwa ka zo da takarda za ka tayar mini da hawan jini da hantsin nan."

"Wataƙila furfurar Maigida ce ta faɗa cikin kyamarar," in ji direba.

"Naka wasa ne, kai. Mai hoto, je ka sha ruwa. In yayanka ya sauko zan ce masa ka zo ka cece shi daga tawada."

Kunya ta rufe Auta har kunnuwansa suka yi zafi. Ya san halinsa. Shi ne mai komawa ya taɓa kwaɗon sito sau uku bayan ya kulle, shi ne mai karanta ranar lalacewar magani alhali shi ya rubuta ta. Tun suna yara Yaya yake cewa da tsoro yana da kasuwa, da Auta ya gina bene. Ya fara naɗe hoton, kansa a sunkuye, ga shi ya kamata ya ji sanyi a ransa amma bai ji ba.

Da yake kansa a ƙasa yake, sai idonsa ya faɗa kan ƙarshen igiyar Yaya, wanda ya sauko ya kwanta a kan daɓen siminti. An naɗe bakinta da jan tef. Kusa da tef ɗin igiyar ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa, irin lanƙwasar da ƙulli yake bari idan ya daɗe a ɗaure.

Ya san wannan tef ɗin. Minti ashirin ya yi yana kallonsa a jikin zobe, a can sama.

"Maigida," ya ce, muryarsa ta fito siririya. "Wannan bakin ba shi ne yake sama ba?"

"Shi ne. Duk ƙarshen wata mukan juya igiyoyi, na sama ya dawo ƙasa, don kada gefe ɗaya ya sha wuya shi kaɗai. Jiya da yamma muka juya su, hadari yana kanmu."

"Kun bi ta da hannu da kuka juya?"

"Kullum da safe Dogo yana duba inda ta hau katanga, nan ne take ciwo..." Maigidan bai ƙarasa ba. Kofin ya tsaya a tsakanin hannunsa da bakinsa.

Auta ya riga ya gama lissafin, kuma ya so a ce bai iya lissafi ba. Bayan ranar hoton wani ya mayar da tiyon wurinsa, tiyon ya rufe ciwon kwana tara ba wanda ya gani. Jiya an juya igiyar a gurguje. Daga jan tef zuwa ciwon taku goma sha takwas ne. Idan aka miƙe taku goma sha takwas daga ƙasa zuwa sama, za su tsaya wajen hawa na huɗu. Ciwon yana ƙarƙashin Yaya, ba ya ɗauke da nauyin komai tukuna. Sai ciwon ya wuce ta cikin ƙarfen saukar Yaya, wanda igiyar take ratsawa, ya koma samansa, sannan dukan nauyin mutum da bokiti zai rataya a kansa, a daidai inda ya riga ya cire igiyar tsaro.

Dukansu uku suka ɗaga kai. Yaya ya sauko hawa na shida.

"Ban ga komai ba," in ji Maigidan, ya kare ido da tafin hannu. Igiyar toka-toka ce, bangon ma toka-toka, ƙura ta mayar da su launi ɗaya. "In na tsayar da aiki a kan zato, masu benen nan za su ce ban san abin da nake yi ba. Ka tabbata ba tawadar ba ce?"

Auta bai tabbata ba, kuma bai taɓa tabbata da komai ba a rayuwarsa. Ya ɗaga kyamara ya jawo igiyar kusa, bai ga komai ba sai toka a kan toka. Rana tana bayansa, tana dukan bangon kai tsaye, ta shafe komai. Sai ya gane kuskurensa: ya tsaya inda kowa yake tsayawa.

Ya tsallake igiyar gargaɗi ya ruga zuwa ƙarshen benen ta yamma. Ya manna kafaɗarsa da bango, ya kalli gabas ta tsawon ginin, yadda igiyoyin suka fita daga jikin bango suka shiga sarari. Rana ba ta daidaita ba. Ya durƙusa, bai isa ba. Ya kwanta a kan daɓen da farar rigarsa ta zuwa baje koli, ya ja jiki kamar ɗan taki, har hasken ya koma bayan igiyar tsakiya. Hoton yana tsalle a fuskar kyamara. Ya dafe gwiwar hannu a ƙasa, ya riƙe numfashi kamar yadda aka koya musu, ya bi igiyar daga hawa na biyu zuwa sama.

Tsakanin hawa na uku da na huɗu farin gashin ya kama wuta a cikin rana. Ya fi na hoton tsawo.

Ya danna, ya tashi, bai san yadda ƙafafunsa suka kai shi mota ba. Ya tura kyamarar a fuskar Maigidan. Mutumin ya kalla sau ɗaya, ya saki kofin ya fashe, ya cusa usur a baki ya busa sau uku, alamarsu ta cewa kowa ya tsaya inda yake.

Mutum biyu suka tsaya nan take. Yaya yana hawa na biyar. Wata babbar mota tana wucewa da ƙara, bai ji ba. Auta yana kallo ya kai hannu kafaɗa, ya ɓalle ƙugiyar igiyar tsaro, ya sake ta tana lilo, ya ɗora ɗaya hannun a kan ƙarfen sauka.

"Yaya!"

Auta bai taɓa sanin yana da irin wannan murya ba. Masu tafiya a ɗaya gefen titi suka waiwayo. Usur ya sake tashi sau uku. Yaya ya leƙo ta tsakanin ƙafafunsa.

"Auta? Me kake yi a nan? Wa ya mutu?"

"Mayar da ƙugiyar!" Maigidan ya daka masa tsawa. "Kada ka sauko ko taki ɗaya! Mayar da ita, na ce!"

"Haba Maigida, gilashi huɗu suka rage!"

"Ƙadangare, in ka taɓa ƙarfen nan, wallahi ko ka sauko lafiya ni zan karya ka!"

Igiyar tsaron ta yi lilo ta kauce masa. Ya miƙa hannu, bai kai ba. Ya tokari gilashi da ƙafa ya yi gefe don ya cafko ta, igiyar aikin ta girgiza tun daga sama har ƙasa. A karo na biyu ya kama ta. Ƙarar rufewar ƙugiyar ba ta isa ƙasa ba, amma sun ga ya ɗaga babban yatsa, yana girgiza kai irin na wanda aka ɓata wa lokaci.

Dogo ya zuro sabuwar igiya daga rufi. Yaya ya mayar da ƙarfen saukarsa kanta, ya fara gangarowa, yana ta mita ana jiyo shi: wai an mayar da shi ɗan koyo a gaban jama'a. Da ya zo tsakanin hawa na huɗu da na uku, tsohuwar igiyar tana rataye daidai fuskarsa, mitar ta yanke. Ya tsaya, ya kamo ta da yatsa biyu ya lanƙwasa. Fatarta ta buɗe baki, farin cikinta ya fito. Ya daɗe a wurin kafin ya ci gaba da saukowa, kuma bai cire ƙugiyar tsaro ba har takalminsa ya taɓa ƙasa.

Aka sassauto tsohuwar igiyar. Maigidan ya ɗora ciwon a kan gwiwarsa ya ƙirga zaren da suka rage da farce. Bai faɗi adadin ba. Ya zaro wuƙa ya yanke ta gida biyu a daidai wurin, ya jefa cikin mota, ya danna oba-oba ya ce a saukar da sauran biyun, yau ba mai sake hawa sai an bi kowace igiya da hannu tun daga baki har baki. Direba ya durƙusa yana tsince fasassun kofi.

Yaya ya zauna a bakin daɓe, bokitin yana rataye a ƙugunsa har yanzu. Ya nemi ya kwance igiyar kwalkwali, yatsunsa suka ƙi. Auta ya durƙusa ya kwance masa.

"Dubi rigarka," in ji Yaya. "Kamar wanda ya yi kokawa da kwata."

Auta ya dubi rigar. Sai yanzu tsoron ya sami wurin zama. Ya zube kusa da yayansa, ya sa kai tsakanin gwiwoyi.

"To, ni da na rataya ban yi kuka ba, sai kai da kake ƙasa?" Yaya ya dafa masa wuya, hannun yana da sanyi kamar ƙarfe. "Kada ka gaya wa Mama."

"Sai in ka daina cire ƙugiyar."

"Ka ga ɗan banza, har da ciniki."

"Har ƙasa, Yaya. Ba hawa na biyar ba, ba na biyu ba."

"Na ji."

"Ka ce wallahi."

Yaya ya kalli guntun igiyar da ya leƙo daga bayan mota. Sannan ya faɗa, a hankali, ba wasa a ciki.

Maigidan ya kawo musu hoton, wanda iska ta ture ƙarƙashin taya. Ya yamutse, shayi ya zuba a gefe ɗaya. Ya miƙa wa Auta da hannu biyu, ya yi gyaran murya kamar zai yi dogon jawabi, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Ƙarfe nawa ake rufe wurin da kuke baje hotunan nan?"

"Ƙarfe biyar. Shiga kyauta ce."

Yaya ya karɓi takardar ya shimfiɗa a cinyarsa. Wannan ne karo na farko da ya ga hoton. Ya kalli haƙoransa da kwalkwalinsa, ya ce ashe dai shi kyakkyawa ne, mutane ne ba sa faɗa. Sannan idonsa ya gangara kusurwar dama ta ƙasa. Ya ɗora babban yatsansa a kan wurin ya rufe shi.